Filin Tambayoyinku: Shafin da ya buɗe a wayar wani, ya ƙi a tawa

Barkanmu da sake saduwa. Hunturu ya shigo Jos da ƙarfinsa, da safe sai na hura yatsuna kafin in iya taɓa kwamfuta. Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan wata. Masu su ba su san juna ba, amma ciwo ɗaya ke damunsu, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Unguwar Rogo. Kwana uku na yi ina fama da fom ɗin shiga wata makarantar koyon jinya da nake cike wa 'yata a waya. Ina cike komai, in na zo wurin ɗora hoto sai maɓallin ya ƙi motsi. Da Opera Mini nake shiga, don ba ta cin data. Da na kira lambar da suka bayar sai aka ce in nemi kwamfuta mai Chrome. Na hau keke zuwa Terminus, na biya mai shago, cikin minti goma aka gama. Wayata ce ba ta da kyau ko ni ce ban iya ba? Intanet ɗin ba ɗaya ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, kin iya, wayarki ma lafiyarta ƙalau. Tun 2003 nake zaune a shagon intanet a titin Bauchi, irin wannan ƙorafi na ji shi ya fi a ƙirga, kuma kusan kullum mai kawo shi kansa yake zargi.

Shafin intanet ba a ɗinke yake zuwa wayarki ba. Yadi da awo ake aiko miki, burauzar da ke cikin wayar, wato manhajar buɗe shafi irin su Opera Mini ko Chrome, ita ce tela. Rubutu iri uku take karɓa. HTML shi ke cewa nan kanu ne, nan hoto, nan akwatin rubuta suna. CSS ya faɗi launi da girma da inda kowane abu zai zauna. JavaScript kuma shi ke sa abu ya motsa in kin taɓa shi. Burauza ta karanta su, ta ɗinka miki shafin nan take. To in tela biyu suka karɓi awo ɗaya alhali tef ɗinsu ya bambanta, riga biyu za su fito.

Ita Opera Mini tata hanyar daban ce. In kin nemi shafi, manyan kwamfutocin kamfanin ne ke ɗauko shi, su ɗinka a can wurinsu, su matse, sannan su turo miki. Shi ya sa ba ta cin data, shi ya sa kuma muka rungume ta tun zamanin Nokia mai maɓalli. Sai dai in tana kan matsi mai tsanani, JavaScript a can yake aiki na 'yan daƙiƙoƙi sannan a tsayar da shi. Maɓallin da aka gina kacokan a kansa sai ya iso gare ki kamar zanen maɓalli, ki yi ta dannawa a banza. Nan gaba ki shiga saitinta, wurin tanadin data, ki kashe matsin har ki gama. In ya ƙi, buɗe shafin da Chrome ɗin da ya zo da wayar. Galibi ba sai kin nemi kwamfuta ba.

Amma ban wanke wanda ya gina fom ɗin ba. HTML na da nasa akwatin ɗora hoto tun shekarun 1990, wanda ba ya jiran JavaScript. Da ya tuna su wa za su cike fom ɗin da irin wayar da ke hannunsu, da ya bar wannan hanyar a buɗe.

Kin tambaya ko intanet ɗin ba ɗaya ba ne. Bari in ba ki amsa da labarin garin nan. Jirgin ƙasa na farko da ya hawo tudun Jos daga Zariya ya zo, a 1914, don kwasar kuza. Faɗin layinsa ƙafa 2 da inci 6, shi kuwa babban layin Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6. Duk buhun kuzar da ya isa Zariya sai leburori sun sauke shi daga wannan tarago sun loda a wancan. A 1927 layi mai faɗin sauran ya iso mu ta Kafanchan, ƙaramin kuma aka rufe shi a 1957. Kuɗin keke da na mai shago da kika biya, kuɗin sauke kaya ne a Zariya.

Wanda ya ƙirƙiro shafukan intanet, wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee, wannan matsala ce ta sa shi tashi. Yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, inda masana daga ƙasashe daban-daban ke zuwa kowa da irin kwamfutarsa, takardar wannan ba ta buɗuwa a ta wancan. A 1989 ya rubuta shawarar a samu hanya guda da kowace kwamfuta za ta fahimta. A 1993 CERN ta saki fasahar kyauta ga duniya, a 1994 kuma shi ya kafa ƙungiyar W3C a Amurka don ta riƙa rubuta ƙa'idojin da kowa zai bi.

Sai kasuwa ta shigo. Burauzar Netscape ta fito a 1994, Internet Explorer ta Microsoft a 1995, kowacce na ƙara abin da abokiyar hamayya ba ta da shi. Netscape ta kawo rubutu mai ƙyafta ido, Microsoft ta kawo rubutu mai gudu daga gefe zuwa gefe, kowanne a gidansa kaɗai yake aiki. Shi kansa JavaScript wani ma'aikacin Netscape ne, Brendan Eich, ya harhaɗa shi cikin kwana goma a 1995, Microsoft ta yi nata mai kama da shi a 1996, sai a 1997 aka samu rubutacciyar ƙa'ida guda. Masu gina shafuka suka koma yin aiki biyu a kan kuɗi ɗaya. Wanda ya gaji sai ya manna sanarwa a ƙasan shafinsa cewa da burauza kaza za a duba. Abin da aka gaya miki a waya ke nan, sanarwar shekara talatin da suka wuce.

Microsoft ce ta ci wannan yaƙi, domin tata burauzar tana zuwa a cikin Windows, har gwamnatin Amurka ta kai ta kotu a 1998. Lokacin da na buɗe shago da kwamfuta takwas, fiye da mutum 90 cikin 100 a duniya da ita suke shiga. Yaran da ke zuwa mana birawuzin na dare wannan shuɗin harafin e ɗin suke kira intanet. Da babu mai ja da ita sai ta zauna: fitowarta ta shida a 2001 ce, ta bakwai sai 2006. Abin da ya tashe ta shi ne burauzar Firefox ta Mozilla a 2004, da mutanen Apple da Mozilla da Opera da suka haɗa kai a wannan shekarar suka fara rubuta sabon HTML, sannan Chrome a 2008. Aikin nan nasu shi ya zama HTML5 da aka tabbatar a 2014, wanda ya sa yau bidiyo ke buɗewa ba tare da an ce ki sauke wani abu ba. Ita kuwa Internet Explorer an yi mata ritaya ranar 15 ga Yunin 2022.

Don haka ƙa'idar tana nan a rubuce, an kuma sha wahala kafin a same ta. Ki rubuta wa makarantar ki gaya musu sunan burauzar da wurin da ya tsaya. Allah ya ba yarinya sa'a.

Tambaya: Malam, ina koyar da Hausa a wata sakandare a Bukuru. Na rubuta darasi na sa a shafin makarantarmu. A kwamfutata komai daidai, amma ɗalibai suka ce duk inda na sa ƙ ko ɗ ko ɓ akwati suke gani, wasu kuma wani tarkacen rubutu. Abokin aikina ya ce in daina sa ƙugiya kawai, ai kowa zai gane. In bi shawararsa?

Amsa: Malam, don Allah kada ka bi. Kai da ke koya wa yara bambancin baƙi da baki, ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, in ka zubar da ƙugiya wa zai riƙe ta? Tun shekarun 1930 haruffan nan suke cikin rubutun boko, sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Gaskiya ne an daɗe ana shan wuya. Kwamfuta lamba ta sani, kowane harafi sai an ba shi lamba. Tsarin farko da Amurkawa suka yi gurbi 128 ne da shi, Turanci kaɗai ya ɗauka. Mutanenmu suka yi dabara, suka zana samfurin haruffa na musamman inda aka cire wata alama aka sa ƙ a gurbinta. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi wannan hidima, kuma ta fitar da mawallafa kunya shekaru da yawa. Iyakarta ita ce, in rubutun ya bar kwamfutar da ke da samfurin, alamar da aka cire sai ta dawo gurbinta.

Yanzu akwai Unicode, wanda ya fara a 1991, ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa shi kaɗai. Lambar ƙ 409 ce, ta ɓ 595, ta ɗ 599, a Jos ko a Tokiyo. Muna da gurbinmu a ƙa'idar duniya, ba alfarma muke roƙa ba.

Ɗalibanka cuta biyu suka gaya maka, kowacce da maganinta. Mai ganin akwati, lambar ta iso wayarsa lafiya, samfurin haruffan da shafin ya zaɓa ne ba shi da zanen ƙ a ciki. A ce wa mai kula da shafin ya sauya zuwa wanda ke da su, irin su Noto da Google ya yi kyauta don kawar da akwatunan nan. Mai ganin tarkace kuwa, in ka duba da kyau za ka ga inda ka sa ƙ ya zama Æ™. Wannan alama ce cewa an ajiye rubutun da UTF-8, wato tsarin ajiye lambobin Unicode, amma shafin bai shaida wa burauza haka ba, sai ta karanta da tsohon tsari ta raba harafi ɗaya gida biyu. Layi ɗaya ake ƙarawa a saman shafin ya warke. Kai kuma ka tabbatar da ainihin haruffan kake bugawa. A waya ka ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard, wato allon buga rubutu na Google, in ka danne k ka ɗan riƙe, ƙ zai fito.

Tambaya: Malam, ina sayar da dankali da kabeji a Farin Gada. Wayata ta shekara bakwai a hannuna. Kwanan nan duk shafin da na buɗe sai ta nuna jan gargaɗi wai babu tsaro. Yarona ya ce in riƙa danna "ci gaba". Haka ne?

Amsa: Alhaji, kafin komai duba kwanan wata da agogon wayar. Kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. In batir ya mutu wayar ta koma wata tsohuwar shekara, duk takardar da aka nuna mata za ta ce ba ta yarda ba. Gyara agogo, sau da yawa shi ke nan.

In agogo daidai yake, to tsufa ne. Waya tana zuwa da jerin hukumomin da ta yarda da sa hannunsu, in an daina sabunta ta jerin ya tsaya inda yake. Ranar 30 ga Satumban 2021 wata babbar takarda da miliyoyin shafuka suka dogara da ita ta ƙare, tsofaffin na'urori da yawa suka shiga irin halin da kake ciki. Gwada sa Firefox in wayar za ta karɓe ta, domin ita da nata jerin take tafe. Amma "ci gaba" ɗin nan, kada ka danna shi a shafin banki ko duk inda za ka sa lambar sirri. Gara ka jinkirta ciniki.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ina gina wa masu shaguna shafuka don in samu na makaranta. Da Chrome nake gwada aikina a laftof. Wani ya ce sai na gwada a Firefox da Safari da ƙananan wayoyi. Ni a ganina ɓata lokaci ne tunda yanzu kowa Chrome yake amfani da shi. Ai in kowa ya koma burauza ɗaya ma an huta, ko?

Amsa: Ɗana, na ji daɗin wasiƙarka, Allah ya yi wa nemanka albarka. Koma sama ka karanta wasiƙar Malamar Unguwar Rogo. Wanda ya gina fom ɗin da ya tsayar da ita kwana uku, ina kyautata zaton yaro ne mai ƙwazo irinka, ya gwada a laftof ɗinsa ya ga komai na tafiya.

Kana da rabin gaskiya. Burauza kamar mota ce, suna da fenti daban, inji daban. Injin da ya rage a duniya mai ƙarfi uku ne: Blink na Chrome, WebKit na Safari, burauzar da ke zuwa da iPhone, da Gecko na Firefox. Opera ta ajiye nata injin a 2013 ta ɗauki na Chrome, Edge ta Microsoft ta bi sahu a 2020, burauzar Samsung ma shi ne a cikinta. To amma ka san Chrome ɗin da ke cikin iPhone a nan ƙasar injin Safari ne a cikinsa? Hajiyar da za ta sayi atamfa a shafin da ka gina, da iPhone za ta shiga, kai kuma ba ka taɓa ganin yadda aikinka yake a wannan inji ba. Sannan Chrome na laftof ɗinka na watan nan ne, na cikin wayar ɗan dako a Katako mai yiwuwa ya shekara huɗu ba a sabunta shi ba, saboda wuri ya cika ko data ta yi tsada.

Zancen a huta da burauza ɗaya kuwa, na rayu a zamanin da aka gwada. Akwai wani banki da abokan cinikina ke shiga shafinsa, burauza ɗaya tak yake karɓa, tsohuwa. Na shekara da shekaru ina ajiye kwamfuta guda a kusurwar shago ban taɓa sabunta ta ba, saboda shi kawai. Namu ma da sauƙi. Koriya ta Kudu, ƙasar da ta yi fice a fasaha, a ƙarshen shekarun 1990 ta gina tsaron bankunanta da cinikin intanet a kan wata fasaha mai suna ActiveX, wadda Internet Explorer kaɗai ke ɗauka. Fiye da shekara goma mutanen ƙasar ba su da zaɓi, duniya ta wuce suna ɗaure. A lokacin da suka yanke shawarar, su ma kowa da wannan burauzar yake amfani.

Ni abin da ke damuna da zamanin nan ke nan. In inji ɗaya ya rage, duk abin da kamfanin da ke da shi ya ga dama shi ne ƙa'ida, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Mudu in na mutum ɗaya ne a kasuwa, ranar da ya bubbuge gindinsa babu wanda zai kawo wani a gwada. Shi ya sa har yau nake ajiye Firefox a kowace kwamfutar shagona, ko da yaran ba su cika taɓa ta ba.

Ga wani abu da zai nuna maka inda rubuta shafi don burauza ɗaya ke kaiwa. Kowace burauza in ta je ɗauko shafi tana faɗin sunanta. A shekarun 1990 Netscape na kiran kanta Mozilla, masu shafuka suka riƙa duba sunan, in ba Mozilla ba ce su ba ta ragowa. Sai Internet Explorer ta fara gabatar da kanta da sunan Mozilla don a buɗe mata ƙofa. Na bayanta duk suka bi. Yau Chrome da Safari da Edge, kowacce da "Mozilla/5.0" take fara sallama. Saboda haka kada ka tambayi burauza sunanta. Tambaye ta ko ta iya abin da kake so, in ba ta iya ba ka tanadar mata hanya mai sauƙi.

Yadda zan so ka riƙa aiki shi ne ka fara da HTML tsura. Suna, farashi, lambar waya, fom, duk su yi aiki kafin ka sa kwalliya. Sannan CSS, sannan JavaScript a ƙarshe, ta yadda in ya faɗi a hanya mai saye zai iya ganin farashin shadda ya kira mai shago. Rage nauyin hotuna, domin kowane hoto kuɗin wani ne. Sa UTF-8, ka rubuta "ɗan ƙaramin ɓera" a shafin ka ga ko ya fito. In ka gama, ka fita daga inda sabis ke da ƙarfi ka buɗe shi a ƙaramar waya da data.

Ba sai ka sayi wayoyin ba. Akwai aljihun tebur a shagona cike da tsofaffi, Tecno da itel da Nokia, har da iPhone guda mai fasasshen gilashi amma tana aiki. Ranar Asabar bayan la'asar shagon ba ya cika. Zo da shafin naka mu gwada shi ɗaya bayan ɗaya, ka taho da caja mai ƙaramin baki don tawa ta lalace.